Wa direba ke bi? Ilimin bin sawun mota da titin da ya haɗa babur, tirela da amalanke

Duk wanda ya saba haye gadar Kennedy a Yamai da safe, lokacin da ɗalibai da ma'aikata ke tsallaka kogin Isa, ya san wani abu da ke faruwa a kai a kai. Motoci su tsaya cik, kowa ya ɗauka haɗari aka yi a gaba, a yi ta jan jiki, amma da an isa gaban sai a tarar babu komai. Ba motar da ta lalace, ba wanda ya faɗi. Sai ka ji mutane suna cewa, to me ya tsayar da mu?

Wannan tambaya tana da amsa, kuma masana sun fi shekara 70 suna bincike a kanta. Akwai fanni guda cikin ilimin zirga-zirgar ababen hawa wanda aikinsa ke nan: sanin yadda direba ke bin abin da ke gabansa, yaushe yake taka totur, yaushe yake taka birki, kuma wace tazara yake bari. Masu wannan fanni suna taƙaita halin direba cikin ƙa'idar lissafi, abin da za mu kira samfuri. Sai a ba kwamfuta wannan ƙa'ida, ta ƙirƙiri motoci dubbai suna bin juna, a ga abin da zai faru kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya. Da irin wannan lissafi ake yanke faɗin gada, da yawan sakan ɗin da fitilar ba da hannu za ta yi tana kore, da ko mahaɗar hanya tana buƙatar shataletale. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka wasan ƴan boko ne. Kuɗin jama'a ne a ciki, kuma rayuka ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara.

Mafarin ilimin mai sauƙi ne ƙwarai. A 1953 wani malamin jami'a a Amurka, Louis Pipes, ya ɗauki shawarar da ake ba direbobi a jihar Kalifoniya, cewa a bar tazarar tsawon mota ɗaya ga kowane mil 10 na gudu, wato kusan kilomita 16 a awa, ya mayar da ita lissafi. Mai gudun kilomita 64 ke nan zai bar tsawon mota huɗu. Amma wannan abin da ya kamata direba ya yi ne. Abin da yake yi a zahiri wani zance ne daban.

Waɗanda suka fita suka auna su ne masu binciken kamfanin General Motors. A 1958 Chandler da Herman da Montroll suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a filin gwajin motoci. Sun haɗa motoci biyu da siririyar waya da ke naɗe a kan wani abu mai juyawa, idan tazara ta buɗe wayar ta warware, idan ta matse ta naɗe, na'ura tana rubutawa. Direbobi takwas suka gwada. Abin da suka gano shi ne, direba bai cika damuwa da tazarar kanta ba kamar yadda yake damuwa da bambancin gudu. In ya ga na gaba yana matsowa gare shi sai ya rage, in ya ga yana tsere masa sai ya ƙara. Kuma ba nan take yake yi ba. Tsakanin canjin gudun na gaba da amsar na baya akwai jinkiri, daga sakan 1 zuwa sama da 2, matsakaicinsa kusan sakan ɗaya da rabi. Shi wannan Robert Herman masanin kimiyyar sararin samaniya ne tun asali, yana cikin biyun da suka yi hasashen ragowar zafin farkon halittar duniya a 1948, daga baya ya dawo yana auna bayan mota. Ilimi bai raina ƙaramar mas'ala.

To, a cikin wannan jinkiri na sakan ɗaya da rabi amsar tambayarmu take. Ka ƙaddara motoci goma suna jere. Ta farko ta ɗan taɓa birki saboda rami ko akuya. Direba na biyu bai amsa ba sai bayan sakan ɗaya da rabi, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ya riga ya matso, don haka dole birkinsa ya fi na farko ƙarfi. Na uku shi ma ya makara, ya taka fiye da na biyu. Kafin abin ya kai ga na goma ya zama tsayawa cik, alhali na farko ya daɗe da wucewa bai ma san ya yi komai ba. Masu binciken sun fitar da sharaɗi a kan haka: idan aka ninka ƙarfin amsar direba da tsawon jinkirinsa, sakamakon ya kasa rabi, to girgizar za ta yi ta raguwa tana komawa baya har ta mutu. In ya haura rabi sai ta yi ta girma. Da suka duba direbobinsu takwas, sai suka tarar matsakaicinsu yana dab da wannan iyaka, ya ma ɗan haura ta. Ma'ana, ɗan Adam a bayan sitiyari yana tuƙi ne a bakin gaɓa, abu kaɗan ke tura jerin motoci cikin cunkoso.

Bayan shekara 50 wasu masana a Japan ƙarƙashin Yuki Sugiyama suka nuna wannan ƙuru-ƙuru. Sun sa motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya tafi a kilomita 30 a awa, ya bi na gabansa lafiya. Ba mahaɗa, ba fitila, ba rami. Da farko komai daidai, can sai ga gungun motoci sun tsaya a wuri guda. Abin mamakin shi ne gungun ba ya zama wuri ɗaya: na gaba suna ficewa, na baya suna shigowa, sai cunkoson ya riƙa tafiya da baya da gudun kusan kilomita 20 a awa. An buga wannan a 2008. Don haka wanda ya tsaya a tsakiyar gada yana neman dalili a gabansa ba zai gani ba, dalilin ya riga ya ratsa ta kansa ya wuce baya.

Samfura sun yi yawa bayan na General Motors, ba za mu bi su duka ba. A Jamus, Wiedemann ya kawo nasa a 1974, wanda ya ginu a kan cewa ido ba ya lura da ƙaramin canji sai ya kai wani mizani, shi ya sa direba ke ɗan matsowa ya ɗan ja baya ba tare da ya sani ba. A kansa aka gina manhajar VISSIM da injiniyoyi ke aiki da ita a ƙasashe da yawa. A shekarar 2000 Treiber da abokansa suka fitar da wani da ya shahara wajen ɗalibai saboda sauƙinsa. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Gipps, na 1981, domin ya ginu a kan tambaya ɗaya da kowane mai hankali zai gane: in na gabana ya taka birki iya ƙarfinsa yanzun nan, zan iya tsayawa kafin in same shi? Mu yi lissafin tare. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Cikin sakan ɗaya da rabi ya ci mita 25, tun birki bai fara aiki ba. Sannan nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan samfura suna da sharaɗi ɓoyayye wanda masu su ba su ga buƙatar faɗa ba, domin a wurinsu abu ne sananne. Sharaɗin shi ne kowace mota tana cikin layinta, abu ɗaya tak ne a gabanta, kuma abin nan mota ce irinta. Ba banza ba ne Herman da abokansa suka je auna motoci a hanyoyin ƙarƙashin kogi na birnin New York, irin su Holland da Lincoln, inda doka ta hana canza layi. A can aka rene wannan ilimi. Ɗalibin da ya karanta usulul fiƙhu ya san ba a ƙiyasta abu a kan wani sai sun haɗu a dalilin hukuncin, in akwai bambanci mai tasiri ƙiyasin ya ɓaci. Ɗaukar lissafin da aka auna a irin wancan wuri a ɗora shi a kan titin kasuwar Maraɗi ko Damagaram ƙiyasi ne irin wannan.

Dubi faɗin abubuwan. Layin titi kan kai mita 3 da rabi, ƙaramar mota ba ta kai mita 2 ba, adaidaita sahu bai kai mita ɗaya da rabi ba, babur kuwa ko mita ɗaya bai cika ba. Wurin da aka zana don mota ɗaya, babura uku na iya jerawa a cikinsa. To direban tasi da ke da ɗan kabu-kabu a gabansa ta dama, adaidaita ta hagu, tirela kuma can gaba kaɗan, wa yake bi? Samfurin farko ba shi da amsa, domin bai san da tambayar ba. A gaskiya direban yana bin su duka, kuma wanda ya fi tsare masa gaba shi ya fi tasiri a ƙafarsa, sannan cikin sakan biyu jerin ya canza.

Akwai kuma bin gefe. Direba ba ya tsayawa saitin bayan na gabansa, sai ya ɗan karkace don ya hango gaba, kuma ya bar wa kansa mafita in abu ya faru. Wani mai bincike, Banihan Gunay, ya sa wannan cikin lissafi a 2007, ya nuna cewa gwargwadon karkacewar direba daga saitin na gaba, gwargwadon yadda yake yarda ya matso kusa. Ɗan kabu-kabu shi ne gwanin wannan. Shi ba birki ne kariyarsa ta farko ba, kaucewa ce. Tana yi masa aiki sau ɗari, ranar da mafitar ta toshe kuwa, Allah ya kiyaye, jikinsa ne ke karɓar bugun.

Sannan nau'in abin da ke gaba yana canza halin na baya. Mai ƙaramar mota a bayan tirela ba ya ganin komai sai ƙarfe, don haka halinsa daban da lokacin da yake bayan babur. Tirela mai ɗauke da siminti tana buƙatar nisa mai yawa kafin ta tsaya, kuma in ta tsaya tashi aiki ne. In titi yana da nau'i biyar na abin hawa, to akwai haɗi 25 na mai bi da wanda ake bi, kowanne da nasa awo. Amalanken jaki kuma, mai tafiyar da ba ta fi ta mai sauri a ƙasa ba, shi kansa maƙura ce mai motsi, duk inda ya je titi ya tsuke a nan.

Amma abin da na ga ya fi kowanne nauyi shi ne cike giɓi. A layin da ake kiyayewa, tazarar da direba ya bari tasa ce. A titinmu ba tasa ba ce. Mutum ya bar mita 25 kamar yadda lissafi ya ce, kafin ƙiftawar ido babura uku sun shige, ya rage gudu ya sake buɗe tazara, wasu su sake shigewa, na bayansa kuma suna ta danna masa oda. In ya yi wata guda a haka zai koyi darasi, ya riƙa manne wa na gabansa. Titin da kansa ke hora mai kiyayewa har ya daina. Shi ya sa nake ganin masu cewa matsalar tuƙinmu rashin haƙuri ne kawai sun faɗi rabin magana. Haƙuri ana buƙatarsa, amma in tsarin hanya yana cin mai haƙuri tara kullum, jan kunne kaɗai ba zai wadatar ba.

Waɗanda suka fi kowa yin aiki a kan irin wannan titi su ne Indiyawa, domin nasu ya yi kama da namu, har da amalanken shanu. A 2005 Arasan da Koshy a birnin Chennai suka fitar da samfuri wanda ya ajiye zancen layi gefe. Ya ɗauki titi a matsayin fili guda, kowane abin hawa kuma murabba'i mai tsawo da faɗi, yana neman inda zai shiga gaba ko gefe. A Mumbai, Tom Mathew da abokansa suka tsaga titi zuwa siraran tsagi masu yawa, babur ya ci tsagi kaɗan, bas ta ci da yawa, sai a lissafa tasirin na gaba da yawan tsagin da suka haɗa. Wasu kuma a 2011 suka kwatanta abin da ruwa mai ratsa ƙofofi: manyan motoci su ne ke barin ƙofofin, ƙanana suna bi ta ciki. Kamar ka zuba gero a kwandon da ke cike da mangwaro ne, mangwaron yana nan bai motsa ba, geron yana sulalewa ƙasa. Duk wanda ya ga yadda babura ke taruwa a gaban fitila ja alhali motoci na tsaye ya ga wannan da idonsa.

Daga nan wata mas'ala ta taso wadda ta shafi aljihun gwamnati kai tsaye. Don a san ko titi zai ɗauki zirga-zirgar da ake tsammani, ana mayar da kowane abin hawa zuwa awon ƙaramar mota, a ce tirela daidai take da mota kaza, babur kuma kaso kaza na mota. Wannan awo ya shiga littafin jagorar hanyoyi na Amurka a 1965. A layi mai tsari lissafin ba wuya: in motoci na wucewa da tazarar sakan 2, layi ɗaya zai ɗauki 1,800 a awa. Amma nawa ne babur? Wanda ya sulale zuwa gaba ya tashi da zarar fitila ta yi kore kusan bai ci wa motoci komai ba. Wanda ya maƙale a tsakiyar jeri ya tare gaban mota yana cin lokaci kusan kamar mota. Babur ɗaya ne, awo biyu. Wani masani a Indiya, Satish Chandra, ya ba da hanyar da ke canzawa da yanayi, wadda ke duba abu biyu, faɗin ƙasar da abin hawa ya mamaye da kuma gudunsa idan aka gwada da na mota. A wannan awo babur yakan faɗo wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na mota, amalanke kuwa, saboda jinkirinsa, ya haura motoci da yawa. Indonesiya ta rubuta nata littafin jagora a 1997, Indiya ta fitar da nata a 2017, duk don sun ga awon aro ba ya shigar su.

Matsalar ita ce samfuri ba ya fin bayanan da aka ciyar da shi. Samfura masu yawa an daidaita su ne da hotunan bidiyo da aka ɗauka a manyan hanyoyin Kalifoniya a 2005, inda aka bi sawun kowace mota sau goma a sakan. Irin wannan aiki a titi mai gauraye ya zo a makare. An yi shi a Chennai, aka buga a 2015, sannan a 2018 aka tashi jirage marasa matuƙi guda goma a kan tsakiyar birnin Atina na Girka, inda babura suke da yawa, aka tattara sawun ababen hawa kusan rabin miliyan. Injiniyan da ya buɗe manhaja ya bar alƙaluman da ta zo da su daga Jamus, ya zana mahaɗa a ɗaya daga garuruwanmu, zai sami hoto mai kyau a allo, motoci na tafiya a jere kamar an ɗaure su da zare. Ranar da aka buɗe hanyar ne za a gane ba garin aka zana ba. A nan nake ganin ɗalibanmu na fannin injiniya da lissafi suna da aiki a gabansu wanda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wayar hannu mai kyamara, bene mai tsawo kusa da mahaɗa, alamu a ƙasa da aka auna tazararsu, da juriyar zama a ƙirga. Wanda ya auna tazarar da adaidaita ke bari a bayan tirela a garinsa ya samar da abin da babu shi a littafin da aka kawo masa daga waje.

Kuma fahimtar tana haifar da gyara. Taiwan ta zana wa babura akwatin jira a gaban motoci a bakin fitila, tunda dai can za su taru ko an so ko ba a so ba, sai su tashi su ba motoci wuri. Malesiya ta ware wa babura hanyarsu daban a gefen wata babbar hanya da ke fita daga Kuala Lumpur, kuma binciken da aka yi ya nuna haɗarinsu ya ragu a wurin. Dukkansu sun fara ne da karɓar titin yadda yake.

Kalmar gauraye tana da wata ma'ana ta biyu a binciken yau, wato titin da ya haɗa motocin da mutum ke tuƙawa da waɗanda kwamfuta ke sarrafa gudunsu. A 2016 aka maimaita gwajin da'irar Japan a birnin Tucson na Amurka da motoci ashirin da ƴan kai, amma ɗaya daga cikinsu kwamfuta ke riƙe da gudunta. Da cunkoson ya kunno kai, sai aka sa ta tafi da gudu matsakaici, ba ta rugawa in gaba ya buɗe, don haka ba ta buƙatar birki mai ƙarfi in ya rufe. Mota ɗaya ta kwantar da jerin duka, man da ake sha ma ya ragu. A Nuwamban 2022 aka gwada da motoci 100 a babbar hanyar birnin Nashville.

Babu abin da motar nan ta yi wanda direba mai natsuwa ba zai iya kwatantawa ba. Sai dai mu riƙe sharaɗin nan da muka ambata, a da'irar Tucson ba mai shigar mata giɓi. A tsakiyar kasuwa dabarar za ta yi rauni, babura za su cinye tazarar. Inda take da ƙarfi shi ne inda hanya ta matse ba wurin kutsawa, da kuma doguwar hanya irin ta Yamai zuwa Doso har Maraɗi, inda motoci ke jeruwa a bayan tirela suna jiran damar wucewa. A irin wannan wuri awon tazara da sakan ya fi awo da mita sauƙi, domin yana buɗewa da kansa in gudu ya ƙaru. Ka zaɓi wata alama a bakin hanya, itace ko turken kilomita, in na gabanka ya wuce ta ka fara ƙirga a natse. In ka iso alamar kafin ka kai uku, ka matso da yawa. Mai tuƙa babbar mota da kaya, ko mai tafiya cikin hazon hunturu ko bayan ruwan sama, sai ya ƙara a kan haka.